DAGA KUNUN KANWA ZUWA AWON DANTSE: TARIHIN JEGO DA RAINO A DAMAGARAM



In ana ba da tarihin ƙasarmu, abin da aka saba kawowa shi ne sarauta da yaƙi. A ambaci Malam Yunus da ya kafa gidan, a ambaci Tanimun da ya ja ganuwar Birni ya sa aka ƙera igwa, a ambaci Amadu Kuran Daga da ya tari Faransawa a Tirmini a 1899. Duk gaskiya ne, kuma abin tinƙaho ne. Amma fa kowanensu mace ce ta durƙusa ta haife shi, wata tsohuwa ta yanke masa cibiya, kuma sai da ya tsallake ƙyanda da gudawa da masassarar damana kafin ya kai ga rawani. Turawan da suka ratsa Zinder, Richardson a 1851 da Barth a ƙarshen 1852, sun rubuta labarin fada da kasuwa da ayari. Ɗakin mai jego ba su shiga ba. Yau can muka nufa, don mu ga abin da muka gada, abin da ya sauya, da abin da har gobe yake cin 'ya'yanmu.

ZAMANIN UNGOZOMA DA WANZAMI

A da, mai ciki ba ta da awo. Tana da uwa, da kaka, da uwar miji, da ungozomar unguwa. Cikin fari akan mai da yarinya gidansu goyon ciki tun wata bakwai ko takwas. Tsofaffi kan hana ta shan zaƙi, wai zai tare hanya ranar haihuwa. In naƙuda ta zo, kunya ta hana ta ɗaga murya. Mace ta gari, a ganin lokacin, ita ce wadda sai dai a ji kukan jariri. Galibi ungozoma sai bayan an sauka take shigowa: ta yanke cibiya da aska ko ɓawon kara, ta binne mabiyiya, ta wanke jariri, ta ɗora ruwan wanka. Bayan 'yan kwanaki wanzami ya zo ya cire beli, ran suna ya yi aski, in gidan masu zane ne ya yi zane.

Kada mu yi saurin raina wannan tsari, akwai hikima a ciki. Kwana arba'in mai jego ba ta daka, ba ta ɗebo ruwa, ba ta zuwa gona. Ana ba ta ƙauri da yaji da kunu, ana gasa mata jiki, 'yan barka na shiga suna fita, ba a barinta ita kaɗai da tunani. Ana shayarwa har wajen shekara biyu. Wadda ta yi kwanika kuwa, wato ta ɗauki ciki da goyo a bayanta, har gori ake yi mata, kuma wannan gorin shi ne tazarar haihuwar kakanninmu.

To amma sunayenmu na gargajiya sun isa shaida kan yadda yara suke mutuwa. Don me ake sa wa yaro Ajuji, ko Ayashe, ko Barmani? Sunayen 'yan wabi ne. Uwa ta binne uku, ta binne huɗu, sai a ɗauki na biyar a ajiye kan juji kamar ba a so, ko mutuwa za ta kau da kai. Al'ummar da har ta ware wa wannan hali sunaye, ai ta sha shi ta ƙoshi.

Yanzu mun san wasu daga cikin dalilan. Askar da ba a tafasa ba, da abin da ake shafa wa cibiya, su ke kawo ciwon nan da ke sandarar da jariri ya ɗaure masa muƙamuƙi cikin makon farko ko na biyu. Dakashi, nonon farko mai kauri ruwan ɗorawa, matse shi ake yi a zubar wai yana da dauɗa, a ɗura wa jariri ruwa ko bauri, alhali shi ne rigakafin farko da Allah ya tanadar masa. Cire beli kan jawo zubar jini da ƙin kama nono. Doguwar naƙuda ta kwana biyu ko uku ga yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba, wani lokaci har da yankan gishiri, ita ke barin mace da yoyon fitsari, ɗan kuma ya zo babu rai.

KANWA: ARZIKIN KASUWA, NAUYI GA ZUCIYA

Damagaram ta ci arzikin kanwa. Daga tafkunan Muniyo da ƙasar Manga, gabas da mu, fatake ke lodo ta kan jakuna da takarkarai, su ratso ta nan su gangara Kano da sauran kasuwannin ƙasar Hausa. Dabbobi na lasa, masu rini da jima na amfani da ita, mata na jefawa a wake da miya. Ba mamaki ta zama ginshiƙin jego: kunun kanwa safe da yamma, ga wankan tafasasshen ruwa da ganye, a wasu wuraren har da kwanciya kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙasa, duk don a kori sanyi a kawo nono.

Cikin shekarun 1970, wasu likitoci biyu a asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, suka lura da wani abu: matan Hausawa da yawa na zuwa bayan haihuwa da kumburin ƙafa da haki da tari, zuciya ta gaza. Lissafinsu ya kai wajen mace ɗaya cikin ɗari, abin da ba a taɓa gani a wata ƙasa ba. Suka danganta shi da gishirin da ke cikin kanwa, wanda ke tara ruwa a jiki, ga kuma zafin wanka na ƙara wa zuciya aiki. Binciken da aka yi daga baya a Yamai da Kano ya nuna ba al'ada kaɗai ba ce: rashin abinci mai gina jiki, hawan jini, da haihuwa da ƙuruciya duk suna da nasu kason. Amma darasin bai sauya ba. Mai jegon da ƙafarta ta kumbura, take kasa kwanciya saboda numfashi, ba ƙarin kanwa take buƙata ba, likita take buƙata, a ranar.

ZUWAN LIKITA

Likitocin farko da suka zo Zinder tare da Faransawa, sojoji suka zo dubawa. A 1905 ne gwamnatin mulkin mallaka ta Afirka ta Yamma ta kafa sashen kula da lafiyar 'yan ƙasa, a 1918 kuma aka buɗe makarantar likitanci a Dakar, inda ake horar da likitoci da ungozomomin zamani 'yan Afirka. Amma Nijar ce can ƙurya, kasonta kaɗan ne. Daga 1911 zuwa 1926 Zinder ce babban birni. Da aka mai da shi Yamai, cikin dalilan da aka bayar har da ƙarancin ruwanmu. Ma'aikata da kuɗi suka bi gwamna yamma. Talaka kuma bai yarda da likitan Nasara ba, don hannun da ke yin lamba, shi ne dai ke karɓar haraji da kama mutane aikin dole. Wannan rashin yarda ya daɗe, har yau da sauransa a wasu zukata.

Abin da ya fara karya shi aiki ne da ido ya gani. Agana, wadda ta makantar da mutane ta ɓata fuskoki, an tasar mata da gangamin lamba a duk Afirka ta Yamma daga 1967, kuma cikin 'yan shekaru ta ɓace. A 1980 aka shelanta babu ita a duniya. Duk wanda ya haura shekara hamsin da biyar a cikinmu, ya duba dantsensa, mai yiwuwa tabon na nan. Kurkunu kuwa, da ke kwantar da uwa da yara daidai lokacin noma, ƙidayar 1991 ta samu sama da mutum 30,000 da ita a Nijar, kuma ƙasar Mirya na cikin wuraren da ta fi ƙamari. Ba allura aka yi ba: ƙyallen tace ruwa, rijiyoyin burtsatse, da hana mai ciwon shiga tafki. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da ita. Matan karkara ne suka ci wannan yaƙi, da tulu da ƙyalle.

Sai dai samun likita bai zama samun magani ba. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, maganin da ake sayowa waje ya yi tsada, kuma cikin waɗannan shekaru aka shimfiɗa tsarin biyan kuɗi a gidajen likita. Uwa ta goyo yaro tafiyar wuni, a miƙo mata takardar sayen magani, ta ƙulle a bakin zane ta koma gida. A 1998, cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a Nijar, 226 ba sa ganin shekara biyar. Kusan ɗaya cikin huɗu ke nan.

SHEKARAR 2005

Yunwa ba baƙuwarmu ba ce. Tsofaffi sun ba da labarin Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Iyayenmu sun ga ta 1973 da 1974, da ta 1984 wadda aka laƙaba wa sunan Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Amma ta 2005 daban take. Bayan fari da fara na 2004, hatsi yana nan a kasuwa, tiya ce ta fi ƙarfin talaka. Kuma waɗanda suka fi faɗuwa su ne yara 'yan ƙasa da shekara uku a Maraɗi da Damagaram, wato rumbun ƙasar. Nan aka gane tamowa ba ta jiran fari. Kowace shekara tana nan: yaye da wuri, kunu zalla ba mai ba ƙwai, ga gudawa, ga masassara.

A shekarar ne aka yi amfani da wani sabon abinci a kan sikelin da ba a taɓa yi ba: Plumpy'Nut, haɗin gyaɗa da madara da mai da sukari da sinadarai, wanda wani likitan Faransa, André Briend, ya ƙirƙiro tare da kamfanin Nutriset a 1996. Mata suka sa masa suna biskit. Da can, yaro mai tamowa sai an kwantar da shi wata guda, uwa ta bar gona da sauran yara. Yanzu sai a auna shi, a ba ta na mako, ta koma gida. Mai tsanani kaɗai ake kwantarwa. Ƙungiyar likitocin MSF kaɗai ta yi jinyar yara sama da 60,000 a Nijar a wannan shekara, kuma tun daga lokacin take aiki a Magarya. Abin da aka gani a nan ya taimaka wajen sauya yadda duniya ke jinyar tamowa.

Gwamnatin Tandja Mamadu ma ta ɗauki matakai. Tun daga 2001 aka shiga gina ƙananan gidajen likita a ƙauyuka, har suka kai wajen 2,000. A ƙarshen 2005 aka mai da tiyatar haihuwa kyauta, a 2006 aka ƙara da awon ciki, da tsarin iyali, da jinyar duk yaro ɗan ƙasa da shekara biyar. Aka raba gidajen sauro, aka riƙa ɗiga wa yara bitamin A. Wani bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2012 ya nuna mutuwar yara ta sauko daga 226 zuwa 128 cikin 1,000 tsakanin 1998 da 2009. Ragin kashi 43 cikin 100 ke nan, a ƙasar da ake lissafawa cikin mafi talauci. Gaskiya ne kyautar ta yi ta tangal-tangal, don kuɗin da ya kamata a mayar wa gidajen likita kan makara, kantar magani ta bushe. Duk da haka akwai dubban samari da 'yan mata da ke yawo yau a Birni da Zango da Garin Malam waɗanda, da a lissafin 1998 aka tsaya, da babu su.

ABU BIYU DA DUNIYA TA KOYA DAGA NAN

Na farko makarantar mazaje. A 2007 wani bincike da hukumar UNFPA ta sa aka yi a jihar Damagaram ya gano cewa babban abin da ke hana mata zuwa awo da haihuwa a likita shi ne ikon maigida: shi ke ba da izini, shi ke ba da kuɗin amalanke, kuma ba a taɓa zama da shi an yi masa bayani ba. A 2008 aka buɗe makarantu goma sha ɗaya na gwaji. Ba aji ba ne, ba malami. Magidanta ne da ba su wuce goma sha biyu ba, masu mutunci a gari, waɗanda matansu ke zuwa likita, suna zama sau biyu a wata su duba matsalar garinsu tare da ma'aikacin lafiya. A Bande, mazajen da kansu suka buga tubali suka yi wa gidan likita gine-gine, har da wurin zaman ungozomar zamani. Haihuwa a likita ta ƙaru a wuraren da aka yi su. Daga nan tsarin ya bazu Nijar duka, ya tsallaka zuwa ƙasashe maƙwabta.

Na biyu awon dantse a hannun uwa. Ɗan zaren nan mai launi uku, ja da ruwan ɗorawa da kore, da can sai ma'aikaci ke riƙe shi. Ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN da ke aiki a Mirya suka ce bari a gwada koya wa iyaye mata. A 2013 da 2014 aka kwatanta yankuna biyu: a Dogo uwaye ke awo, a Takeita ma'aikatan sa-kai. Sakamakon ya nuna matan Dogo, waɗanda yawancinsu ba su taɓa shiga lakwal ba, ba su gaza ma'aikata ba, kuma 'ya'yansu na isa likita da wuri, kafin abin ya kai ga kwanciya. Yau ƙasashe da dama a Afirka da Asiya na bin wannan hanya. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Abin da ya rage kawai a ba shi abin awo.

INDA MUKE YAU

Kada wannan ya sa mu miƙe ƙafa. A damanar 2018, sashen yara na asibitin Magarya ya cika da yara sama da 700 a lokaci guda, kuma MSF ta ba da sanarwar cewa wajen yara goma ke rasuwa a kowace rana, galibi masassarar cizon sauro haɗe da tamowa, galibi kuma an kawo su a makare. Daga ƙarshen 2022 sanƙarau ya ɓarke a Dungas da Magarya da Matamaye da Mirya da cikin birni. A 2023 mashaƙo ya bayyana a Matamaye, ciwon da allurar jarirai ke karewa. Ƙidayar 2012 ta nuna macen Damagaram na haihuwar sama da takwas a rayuwarta, kuma a duk ƙasar jarirai 23 kacal cikin 100 ke samun nono zalla. An ci gaba, don a 1998 da ƙyar ake samun ɗaya cikin ɗari, amma tafiyar da sauranta.

To me tarihin nan ke gaya mana mu yi a gidajenmu?

Mai ciki ta fara awo tun watannin farko, kada ta jira sai ciki ya fito, kuma kada ta yi ƙasa da sau huɗu. Ta sha maganin ƙarin jini da na rigakafin masassara da ake bayarwa, ta karɓi allurarta, ta kwana cikin gidan sauro. Zubar jini, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, jijjiga, ko naƙudar da ta wuce wuni ko dare guda, ba a jiran gari ya waye. Maigida, tanadin kuɗin mota da sanin wanda zai kai ta tun wata na bakwai ake yinsa, kamar yadda ake tanadin ragon suna.

Jariri a sa shi a nono cikin sa'ar farko, ya sha dakashinsa. Wata shida nono zalla, ko ruwa ba ya buƙata, ko a zafin Afrilu. Uwa ce za ta sha ruwan. Cibiya a bar ta da tsabta, kada a shafa mata komai sai abin da likita ya bayar. Beli a bar masa abinsa. Bayan wata shida a inganta kunu da gyaɗa ko ƙuli-ƙuli, wake, ƙwai, zogale, ɗan mai, ana ci gaba da nono har shekara biyu. Allura ran haihuwa, sai mako shida, goma, da sha huɗu, sai wata tara, sannan a koma zagaye na biyu na ƙyanda. Katin a adana shi kamar takardar gona.

Gudawa ta kama yaro, ruwan gishiri da sukari na leda da ƙwayar zinki, ba a tsai da nono. Damana ta faɗi, tun 2013 ake raba wa yara daga wata uku zuwa shekara biyar maganin rigakafin masassara wata-wata, kuma Magarya na cikin inda aka fara. Na ranar farko a gaban ma'aikaci ake sha, na kwana biyun da suka rage a hannunki yake, uwa, kada a ajiye shi sai yaro ya kwanta. Jiki ya yi zafi, a kai a gwada jini a ranar. Zaren awo ya nuna ja ko ruwan ɗorawa, ko kin danna bayan ƙafarsa biyu wurin ya lotsa, sai likita. Biskit kuwa magani ne na yaron da aka rubuta wa, ba na rabo ba ne, ba na kasuwa ba.

Kakanni mata, ku ne masu magana ta ƙarshe a ɗakin jego, jiya da yau. Hutun arba'in, da ƙauri, da tarairaya, da doguwar shayarwa, ku riƙe mana su da kyau, likita ma bai zo da abin da ya fi su ba. Kanwa a rage, ruwan wanka a sirka, bauri da askar beli a ajiye. Ku da kuka binne 'ya'ya a 1974 da 1984, kun fi kowa sanin abin da ake gudu.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana abin da aka haifa, ya sa kada a sake samun gidan da zai buƙaci sa wa ɗansa Ajuji. Amin.